Yadda zaka zaɓi furosesa da madabod in karon farko ne kuma kuɗin ba yawa

Kafin ka kira wani dila ko ka shiga shago, zauna ka tambayi kanka wai me zakayi da kwamfutar nan. In aikin shago ne irin taifin, CorelDraw, Photoshop, cike fom a intanet da ɗan kallon bidiyo, lissafinka daban. In kuma gem kake so irinsu FIFA da GTA ko editin bidiyo mai nauyi, shima daban. Amsar nan ita zata faɗa maka furosesan da zaka saya, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, shi furosesan kuma shi zai faɗa maka madabod, babban allon da ake jona komai a kai, madabod ya faɗa maka kalar ram, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta take aiki da ita. Haka abun yake tafiya a jere, kar ka fara sayen madabod don ka ganshi da arha sannan ka dawo kana yawon neman furosesan da zai hau kai.

Babban tarkon da yake cin mutanenmu shine sunan nan i7. Mai shago zai ce maka ai wannan koa i7 ne alhaji, kai kuma ranka yayi fari, alhali i7-3770 ne na shekarar 2012. Wallahi ƙaramin i3-12100 da ya fito 2022 ya fishi gudu nesa ba kusa ba. Don haka lambar dake bayan sunan ita zaka duba, a Intel lambobin farko su ne janareshan, 3770 na uku kenan, 8400 na takwas, 12100 na goma sha biyu. Kuma akwai wani dalilin da yasa bana so ka sauko ƙasa da na takwas, Windows 11 a hukumance daga janareshan na 8 yake farawa a Intel, a AMD kuma daga Ryzen 2000, shi kuwa Windows 10 Microsoft sun daina bashi tallafi tun 14 ga Oktoban 2025.

Toh me zaka saya? Ni dai in aljihu ba nauyi, hanya biyu nake nuna wa mutum.

Ta farko AMD akan soket AM4, soket shine gurbin da furosesa yake zama a jikin madabod. Wannan soket ɗin ya daɗe, Ryzen na farko a kansa ya fito a 2017, shi yasa kayansa suka cika kasuwa sabo da na hannu. A nan Ryzen 5 5600G shine abokin talaka, koa 6 ne da tiredi 12, wato ƙananan ƙwaƙwalwa 6 a cikinsa masu iya jan layin aiki 12 a lokaci ɗaya, wat 65 yake ja, kuma yana da girafik a cikinsa, ma'ana ba sai ka sayi girafik kad ba zaka samu hoto a monita, har ƙananan gem zai buga maka in ka rage setin. In sabo ne a kwali harda fankarsa yake zuwa. In kuma ka riga ka tanadi kuɗin girafik kad to Ryzen 5 5600 wanda ba G ya fi, yafi ƙarfi a gem, amma shi ba girafik a cikinsa ko kaɗan. Shima Ryzen 5 5500 ba girafik a cikinsa.

Ta biyu Intel akan soket LGA1700, wanda yake ɗaukar janareshan na 12 da 13 da 14. i3-12100 koa 4 tiredi 8, ko i5-12400 koa 6 tiredi 12 in kuɗin ya ɗan kai.

Yanzu ka buɗe kunne da kyau ɗan uwa don nan ne mutane suke kuka. A Intel duk furosesan da ka gani da harafin F a ƙarshe, kamar 12100F ko 12400F, bashi da girafik. Yafi arha eh, amma in ka ɗora shi ba tare da girafik kad ba, fanka zata juya wuta ta kawo amma monita baƙi ƙirin, kuma ramin HDMI ɗin nan da kake gani a bayan madabod ba zai maka komai ba, don shi ramin hanya ce kawai, hoton daga cikin furosesa yake fitowa. A Ryzen na AM4 kuma akasin haka ne, mai G ne yake da girafik, marar G babu. Mutum sai ya haɗa komai tsaf ya kunna yaga ba hoto ya ɗauka an cuce shi da mataccen madabod, alhali harafi ɗaya ne bai duba ba.

Sai madabod. Soket ya zama ɗaya da na furosesa, wannan ba zance, na AM4 baya shiga AM5, na LGA1200 baya shiga LGA1700 ko da kuwa duk Intel ne. Amma soket kaɗai bai isa ba, akwai cifset, wato ɗan cif ɗin dake jikin madabod wanda yake nuna ajinsa da abun da zai iya ɗauka. A AM4 na masu ƙaramin ƙarfi sune A520 da B450 da B550. A520 yafi arha kuma ya ishi 5600G in ba wani ƙari kake shirin yi ba. B550 yafi tsada amma yana da PCIe 4.0, wato hanyar jona girafik kad da ma'ajiyar fayil wadda tafi ta 3.0 sauri, saidai ka sani shi 5600G kansa a 3.0 ya tsaya, kaga in shi zaka saka ba lallai ka ci moriyar ƙarin kuɗin ba sai ranar da ka canza furosesa. B450 kuma tsoho ne ya riga Ryzen 5000 fitowa, don haka sai an sabunta masa bayos, wato manhajar dake cikin madabod mai tada kwamfuta, kafin ya gane su, in ba'a yi ba ko tashi bazai yi ba. Wasu madabod suna da wani maɓalli a baya da zaka iya sabunta bayos da filash kawai ba furosesa a kai, ASUS suna ce masa BIOS FlashBack, Gigabyte Q-Flash Plus, amma ba kowane mai arha yake dashi ba, kuma gaskiya ɗan koyo gara ya sa mai shago yayi masa a gabansa, don in wuta ta ɗauke ana tsakiyar sabunta bayos ana iya rasa madabod ɗin gaba ɗaya. Abu mafi sauƙi, ɗauki cikakken sunan madabod ɗin ka shiga shafin kamfanin da ya ƙera shi, akwai jerin furosesan da yake ɗauka da lambar bayos ɗin da kowanne yake buƙata. Minti biyar ne.

A ɓangaren Intel H610 shine mai arha kuma yayi daidai da i3-12100, B660 ko B760 in i5 ne kuma kana son ƙarin ramuka. Amma nan ma akwai abun lura, madabod na LGA1700 wani DDR4 ne wani DDR5, kuma ram ɗin baya shiga ramin juna. Yawanci zaka ga an rubuta DDR4 ko D4 a sunan. AM4 gaba ɗayansa DDR4 ne, AM5 kuma DDR5 zalla, shi yasa ban kawo AM5 cikin lissafin nan ba, yana da kyau amma in ka haɗa kuɗin furosesa da madabod da ram ɗinsa ya wuce na mai lallaɓawa.

Tunda an zo maganar ram, sayi guda biyu 8GB 8GB na DDR4-3200 maimakon 16GB guda ɗaya, musamman in 5600G ne, don girafik ɗinsa daga ram yake aron wuri kuma in biyu ne gudun yana ƙaruwa sosai har da ido zaka gani a gem.

Sauran abubuwan dubawa a jikin madabod ba yawa. Ya zama akwai ramin M.2 na SSD, wato ma'ajiyar fayil mai sauri. Ka duba monitanka, in tsohon mai VGA ne to ka tabbata akwai ramin ko ka sayi adafta. Girman micro-ATX shine yafi arha kuma yana shiga yawancin kes. Wifi ba kowanne yake dashi ba, ɗan adafta na USB ya wadatar. Abu ɗaya da nake so ka ɗan ƙara kuɗi a kansa shine madabod mai ƙarfen sanyaya a kan ƙananan kayan wutan dake zagaye da soket, saboda zafin watan Maris da Afrilu a ɗaki ba AC ba wasa bane, ga ƙurar hunturu tana toshe fanka. Fitilu masu kala kala kuwa barsu, ka kai kuɗin kan pawa saflai mai kyau, wato akwatin dake bawa kwamfuta wuta, da UPS mai riƙe ta in wuta ta ɗauke, yadda wutar nan take rawa pawa saflai na banza zai iya ƙona maka madabod da furosesa a tare.

Akwai kuma madabod ɗin nan na Chana X79 da X99 da ake haɗawa da tsohon Xeon ana tallarsu da arha, koa da yawa kamar abun arziki. Ban baka shawara ba a karon farko, ba girafik a ciki, suna shan wuta, Windows 11 bai sansu a hukumance ba. Haka madabod da aka ciro daga Dell OptiPlex ko HP na ofis, da yawansu filogin wutarsu na kamfanin ne kawai, bazai dace da pawa saflai da kes na kasuwa ba.

In na hannu zaka saya, ko a Computer Village ta Ikeja ne ko Banex a Abuja ko nan cikin gari, kar ka biya sai an gwada a gabanka. Furosesan AM4 a jikinsa allurorin suke, juya shi ka haska fitilar waya ka bi layi layi ko akwai wadda ta lanƙwashe. Na Intel kuma allurorin suna cikin soket ɗin madabod, can zaka leƙa, kuma kar ka taɓa su da yatsa. A haɗa a kunna ya shiga bayos, a saka ram a kowane rami a gani yana karantawa, a gwada ramukan USB, sannan a buɗe manhajar CPU-Z mai nuna kayan cikin kwamfuta ka karanta sunan furosesan da idonka ka tabbata shine wanda aka faɗa maka. Ka sa a rubuta maka rasit da sunan kowane kaya da lambarsa, da kwana nawa aka baka in ya bada matsala ka dawo dashi.