Yadda Ake Buɗe Ƙaramin Wurin Motsa Jiki a Unguwa

Duk mai fitowa bayan sallar asuba a Kano ko Kaduna ya ga yadda masu sassarfa suka ƙaru a bakin titi, kuma da yawansu magidanta ne da likita ya gargaɗe su kan hawan jini ko ciwon suga. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba wa baligi shawarar ya motsa jikinsa aƙalla minti 150 a mako, saboda haka buƙata tana nan. Sai dai mafi yawan masu son shiga wannan sana'a da injuna suke fara tunani, alhali abin da ke riƙe ta shi ne mutumin da ya dawo ya biya kuɗin wata na biyu da na uku. Kowane kwabo da za ka kashe, auna shi da wannan ma'auni.

Fara da wuri. Nemi shago ko ɗaki mai faɗi a ƙasa, kada ka hau bene, domin ƙarfe yana faɗuwa, kuma na ƙasa da kai ba za su jure ba. Rufin ya kai kusan mita 3, yadda dogon mutum zai ɗaga ƙarfe sama da kansa, tagogi kuma su fuskanci juna don iska ta ratsa. Je ka tsaya a cikin ɗakin da rana tsaka, ka tuna cewa a watan Afrilu zafi yakan haura maki 40. Tun da kuɗin haya na shekara ake biya gaba ɗaya, kada ka yarda da alkawarin baki tsakaninka da mai gida ko dillali. A rubuta cewa an amince ka huda bango, ka shimfiɗa roba, ka kuma buɗe tun da asuba.

Batun takardu ba shi da wuya. Yi rajistar sunan kasuwanci a Hukumar Rajistar Kamfanoni ta CAC, wadda ake yi ta intanet, ka buɗe asusun banki da sunan wurin, sannan ka tambayi ƙaramar hukumarka kuɗin izinin shago. Gaisar da mai unguwa tun kafin ka ɗaga allo abu ne da yake sauƙaƙa maka zama da maƙwabta.

Wajen sayen kaya ne jari yake salwanta. Injin gudu yana ƙawata wuri, amma shi ne mafi tsada, mafi shan wuta, kuma ƙurar hunturu tana shiga ƙarƙashin bel ɗinsa ta kashe na'urar da ke juya bel ɗin ko allon lantarkinsa, mai gyara kuwa ba a kowane gari ake samunsa ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, sannan aka ɗaga kuɗin wutar masu layin Band A, wato waɗanda suka fi samun wuta, zuwa naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, duk na'urar da ke buƙatar wuta ko janareta ta zama nauyi a wuyan mai ita. Shawarata ita ce ka fara da abin da ba ya neman wuta: keken motsa jiki, igiyar tsalle, dambel iri-iri (ƙananan ƙarafan da ake ɗagawa da hannu), benci biyu, da sandunan ɗaga ƙarfe. Sola kaɗan ta isa ta riƙe maka fankoki da fitilu.

Benci da maratayin ƙarfe za ka iya ba wa gwanin mai walda ya ƙera da bututu mai kauri, irin wanda ake samu a kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, amma ka tsaya a kansa, ka duba kowace gaɓa da idonka. Sandar ɗaga nauyi kuwa kada a ƙera maka ita. Sayi ta kamfani, ko da ta hannu ce. Ta maza tana da nauyin kilo 20 da tsawon mita 2.2, ta mata kilo 15, kuma bakinta milimita 50 ne, don haka auna ramin fayafayan nauyin da ake zura mata kafin ka biya, domin akwai masu ƙaramin rami da ba za su shiga ba. Nauyin siminti da samari ke zubawa a gwangwani ya dace da tsakar gida, bai dace da wurin da ake karɓar kuɗi ba, saboda yana gutsurewa ya faɗo a ƙafa. Roba mai kauri a ƙasa ta fi madubi muhimmanci, ko da yake madubin ne mutane ke fara yabawa.

Mata su ne kasuwar da aka fi sakaci da ita. Ware musu lokaci nasu, misali daga ƙarfe 9 zuwa azahar bayan yara sun tafi makaranta, da mace mai koyarwa, da labule a tagogi, a kuma hana ɗaukar hoto. Idan namiji ya leƙo sau ɗaya a lokacinsu, labarin zai zaga unguwa kafin magariba. Tanadi wurin alwala da tabarma, a rage sauti lokacin kiran salla, kuma idan azumi ya zo ka mayar da aiki zuwa bayan tarawihi, ka sa a lissafinka cewa kuɗin shiga zai ragu a watan.

Mai koyarwa ya zama wanda ya karanci fannin, kamar ɗaliban da suka gama sashen ilimin motsa jiki a jami'a ko kwalejin ilimi, domin girman ƙwanji ba shaida ba ce ta iya kula da dattijo mai ciwon gwiwa. Sayi na'urar awon hawan jini, ka tambayi kowane sabon shiga tarihin lafiyarsa a rubuce, mai ciwon zuciya ko mace mai juna biyu kuma sai da izinin likita. Kada ka yarda a sayar da allura ko ƙwayar ƙara tsoka a wurinka, komai ribarta.

Kafin ka yanka farashi, haɗa kuɗin haya na wata da albashi da wuta da ruwa da gyara. Idan misali sun kama naira 300,000, kuɗin da kowane mutum ke biya a wata kuma naira 10,000 ne, sai da mutum 30 za ka mayar da abin da ka kashe. Ajiye kuɗin gudanarwa na wata shida a gefe kafin ranar buɗewa. Rubuta ranar da kuɗin kowa zai ƙare, kada ka buɗe ƙofar bashi ga abokai, kuma duk wanda ya yi mako guda bai zo ba, kira shi ka tambayi lafiyarsa.