Digirin "sakin jiki" a Danmak: yadda ake shiga, da abin da za ki tarar in kin shiga

Ranar da na faɗa wa ƴan gidanmu abin da nake karantawa, yayata dariya ta yi har da riƙe ciki, wai don Allah duk karatun duniya ban samu ba sai na koyon kwanciya da sauke numfashi, ta ce ai wannan mu a tabarma muka gaje shi. Toh ban ga laifinta ba, don tsohon sunan sana'ar ma a yaren Danish afspændingspædagog ne, wato malamin koyar da sakin jiki. Daga baya aka koma kiransu psykomotorisk terapeut, ni dai in Bahaushe ya tambaye ni cewa nake mai jinya ta hanyar motsin jiki da hankali. Tunda tambayar yadda ake shiga wannan karatun ta yi yawa bari in zayyana hanyar sau ɗaya, da mace nake magana don yawancin masu tambayata mata ne kuma a ajin ma mata sun fi yawa nesa ba kusa ba, amma maza ma ku ɗauka.

Da farko ki fahimci mene ne abin kafin ki kashe kuɗin fom. Mu Hausawa mun riga mun san shi a bakinmu, sunan ne kawai ba mu ba shi ba. In tsoro ya kama mutum sai ya ce gabana ya faɗi, in an ba shi mummunan labari jikinsa ya yi sanyi, in ya gaji da duniya ya ce jikina ya mutu, tsikar jiki ta tashi, ƙirji ya yi nauyi, abu ya tokare maƙogwaro. Kin ga duk damuwa ce amma a jiki muke nuna inda take zaune. To aikin kenan: mutum ya zo da kafaɗa a ɗage kamar an rataye shi, numfashinsa iya saman ƙirji, ba ya barci, an yi gwaji a asibiti an ce lafiyarsa lau, ke kuma za ki bi ta jikin ki kai ga hankalin. Da motsi, da numfashi, da taɓawa da hannu a kan gadon jinya, da hira. Ba tausar gajiya ba ce, ba fisiyo ba ce duk da suna maƙwabtaka, ba kuma likitar ƙwaƙwalwa za ki zama ba, ba ki rubuta magani ko ƙwaya ɗaya.

A Danmak tushen abin yana komawa ga wasu makarantu masu zaman kansu, wadda aka fi ambata ita ce ta Gerda Alexander, Bajamushiya da ta yi ƙaura zuwa ƙasar a 1929 ta buɗe makarantarta a Kopenhagen a 1940. Ita ce mai tsarin da ake kira eutoni, ma'anarsa tsoka ta kasance daidai wa daida, kar ta ɗaure kar kuma ta saki da yawa. Ki riƙe wannan maganar don ita ce ta fi ba ni mamaki a ajin farko, ni na ɗauka kowa sassauta shi za a yi, ashe wani matsalarsa jikin ya riga ya saki ya yi laƙwas kamar tsumma, irin wanda baƙin ciki ya daɗe a kansa, wannan in kika ce masa ya ƙara sakin jiki kin ƙara nutsar da shi ne, shi tada shi ake yi.

Yanzu karatun digiri ne na sana'a, shekara uku da rabi, zango bakwai, maki 210 na tsarin ECTS da Turai ke auna yawan karatu da shi. Wuri biyu ake yi: Hillerød, arewa da Kopenhagen, ƙarƙashin Københavns Professionshøjskole, sai Randers a yankin Jutland ƙarƙashin VIA University College. Randers ƙaramin gari ne kusa da Aarhus, haya ta fi sauƙi a can sosai, don duk wanda ya taɓa neman ɗaki a Kopenhagen zai gaya miki kuka ya kusa yi.

Babban shingen dai yare ne, kuma a nan mafi yawan masu tambayata suke yin shiru. Da Danish ake koyarwa, ba Turanci ba. Kar wani ya ruɗe ki da cewa ai ƴan Danmak kowa na jin Turanci, gaskiya ne suna ji, amma aji da jarrabawa da marasa lafiya duk da yarensu ne, tsohuwar da ke gidan kula da tsofaffi ba za ta faɗa miki inda ke mata ciwo da Turanci ba. Jarrabawar da ake nema sunanta Studieprøven, ita ce ƙololuwar karatun yare na baƙi, tana zuwa bayan an wuce jarrabawar yare ta Prøve i Dansk 3, kuma sau biyu ake yin ta a shekara, wajen Mayu zuwa Yuni da kuma Nuwamba zuwa Disamba. Akwai karatu, akwai rubutu, akwai ta baki. Ni ta bakin ce ta kayar da ni a karon farko, karanta Danish ba wuya in kina da Turanci, amma furta shi wallahi kamar mutum ya cusa dankali mai zafi a baki yana magana, rabin harufan haɗiye su suke yi. Abin da ya fisshe ni a karo na biyu rediyo ne kullum a kunne da kuma aikin sa kai da na riƙa zuwa inda dole in buɗe baki. Ki ware wa yaren nan shekara biyu zuwa uku a lissafinki in daga sifili za ki fara, kar ki yaudari kanki da manhajar waya ta minti biyar a rana.

Sai takardu. Wadda ta yi sakandare a waje sai an auna takardunta an ga ko sun kai matsayin sakandaren gaba ta Danmak, akwai hukumar ilimi mai zurfi da ke wannan aikin, sunanta Uddannelses- og Forskningsstyrelsen. Sau da yawa WAEC ko NECO kaɗai ba sa isa, ana so a ga kin taɓa karatun gaba da sakandare a kai, don haka in kina da difloma ko kin yi shekara ɗaya ko biyu a jami'a ki haɗa duk sakamakon, kar ki bar komai a gida wai ba shi da amfani. Ki sa a fara neman miki su da wuri, kin dai san yadda karɓo takardar sakamako daga makarantunmu yake, sai an yi ta sintiri.

Ana nema ne ta shafin optagelse.dk, kuma hanya biyu ce, kvote 1 da kvote 2. Ta farko maki kawai take kallo, tana rufewa 5 ga Yuli. Ta biyu tana rufewa 15 ga Maris da ƙarfe 12 na rana, kuma ita ce taki, don mai takardun waje ranar 15 ga Maris ce ta shafe ta. Sha biyun rana fa, ba na dare ba, kuma mutanen nan ba su san "don Allah a taimaka" ba, in ta wuce sai baɗi. Daɗin kvote 2 shi ne ana duba abin da kika taɓa yi a rayuwa, aiki da yara, kula da tsofaffi ko masu buƙata ta musamman, koyar da motsa jiki, aikin sa kai. Duk abin da kika ce kin yi ki samo takarda mai sa hannu da kwanan wata da yawan awanni, ba su aiki da "kowa ya sani".

Kuɗi kuma, ɗan ƙasa da ɗan Tarayyar Turai kyauta suke karatu, haka mai takardar zaman dindindin. Wanda ya zo daga waje biya yake tun 2006 da aka kawo dokar, kuma ba ƙananan kuɗi ba ne, ki rubuta wa makarantar ta ba ki adadin shekarar da za ki shiga. Izinin zama na ɗalibi hukumar SIRI ke bayarwa, za su so ganin takardar ɗauka da shaidar biyan kuɗi da yadda za ki ci da kanki. Ana barin ɗalibi ya yi aiki na ƴan awanni, sai Yuni da Yuli da Agusta ya yi cikakke. Gaskiyar da zan faɗa miki ita ce hanyar nan ta fi dacewa da wadda ta riga tana ƙasar, ta aure ko ta iyaye ko wani dalili, ta riga ta fara yaren. Daga Kano ko Maradi kai tsaye abu ne mai wuya ƙwarai.

Toh kin shiga, me za ki tarar? Rabi littafi ne sosai: sassan jiki tsoka bayan tsoka da sunayensu na Latin, yadda jijiyoyi ke aiki, ilimin halayyar ɗan Adam, girman yaro daga rarrafe zuwa tafiya, cututtukan ƙwaƙwalwa, dabarun koyarwa, hanyoyin bincike. Za ki haɗu da tsarin Edmund Jacobson, likitan Amurka da tun shekarun 1920 ya koyar da ɗaure tsoka da gangan sannan a sake ta don mutum ya gane bambancin, da na Johannes Schultz na Jamus da ya fito da shi a 1932, inda mutum ke ta nanata wa kansa hannuna ya yi nauyi, hannuna ya yi ɗumi har jiki ya amsa. Makin jarrabawa a Danmak ma daban ne, 12 ne ƙoli, sai 10, 7, 4, sai 02 wanda shi ne tsallake rijiya da baya, ƙasa da haka kin faɗi.

Ɗaya rabin shi ne wanda ba a gaya wa mutum, jikinki ne kayan aikin. Ba za ki zauna a kujera kina rubutu kawai ba, za ki cire takalmi ki kwanta a ƙasa, a ce ki ji tafin ƙafarki, ki faɗi me kika ji a gaban mutum ashirin. Ranar farko ni dariya ce ta kusa kuɓuce min, na ce a raina ƙafa dai ƙafa ce me zan ji, bayan wata biyu ni ce na fashe da kuka a aji don an ɗora hannu a tsakanin kafaɗuna, ashe shekara da shekaru haƙuri nake tarawa a wurin. Mu da aka raina da "yi shiru, ki daure" da kunya da kawaici, wannan ɓangaren ya fi mana wuya fiye da haddar tsoka.

Kuma ɗalibai a jikin juna suke koyon taɓawa, da kaya marasa nauyi don a ga yadda tsoka da ƙashin baya suke. In kina sa hijabi ko ba kya son namiji ya taɓa ki, kar ki bari sai ranar ta zo ki tsaya kina inda-inda. Tun kafin ki nema ki yi magana da mai ba ɗalibai shawara, studievejleder suke ce masa, ki tambaya ƙarara me za a iya daidaitawa me ba za a iya ba, a aji da kuma wurin koyon aiki. Mutanen nan sun fi son magana a fili, kwana-kwana ce ke ɓata musu rai. Ki kuma yi wa kanki gaskiya, in taɓa baƙo abu ne da ranki ba zai taɓa ɗauka ba, akwai wasu karatun.

Akwai zangon fita koyon aiki, praktik, a nan za ki ga inda sana'ar ke ci: asibitin masu taɓin hankali, cibiyoyin lafiya na ƙananan hukumomi, gidajen tsofaffi, makarantun renon yara, azuzuwan shirya masu ciki don haihuwa, ma'aikatu inda zaman kujera da gajiyar aiki suka kwantar da mutane, da wuraren kula da ƴan gudun hijira da yaƙi ya bar wa tabo. Ki zaɓi wurin da idon basira don sau da yawa daga nan aikin farko ke fitowa. A ƙarshe sai kundin kammalawa.

Abu ɗaya da nake so ki yi tun kafin komai, ki tambayi kanki a ina za ki yi aiki da takardar. Sana'ar nan ba kamar aikin nas ba ce da kowace ƙasa ta san ta. A Danmak ɗin kanta masu fisiyo suna da lasisin gwamnati, su kuwa ƙungiyar masu wannan aikin ta daɗe tana fafutukar samun irinsa. A Faransa abin ya fi tsayuwa da ƙafarsa, psychomotricien suke cewa, difloma ce ta gwamnati tun 1974, shekara uku, kuma da takardar likita ake tura musu mara lafiya, sai dai su sun fi karkata ga yara masu jinkirin motsi da rubutu da natsuwa. Ƴan uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi masu Faransanci wannan ƙofar ta fi musu kusa tunda ba sai sun koyi sabon yare ba, kodayake ƴan Nijar tunda aka rufe ofishin jakadancin Faransa a Yamai a farkon 2024 neman biza ya zama wani aikin daban. Beljiyam kuwa a yi hattara, an buɗe digirin a ɓangaren masu Faransanci a 2012, ɗalibai suka shiga, sai a 2016 gwamnatin tarayya ta ƙi amincewa da shi a matsayin sana'ar lafiya mai zaman kanta, ɗaliban suka yi ta zanga-zanga.

In kuma niyyarki ki dawo Najeriya ki yi aiki a asibiti, ki fara rubuta wa hukumar MRTB, mai rajistar masu fisiyo da masu jinya ta hanyar ayyukan yau da kullum, ki tambaye su a rubuce a wane gurbi za su sa wannan takardar. In amsar ba ta gamsar da ke ba, shawarata ki yi fisiyo a nan gida, ga shi nan a Jami'ar Bayero, ki samu lasisinki a hannu, sannan ki ɗora kwasa-kwasan sakin jiki da numfashi a kai daga baya. Yayar tawa dai da ta yi min dariya, yanzu duk sanda wuyanta ya riƙe sai ta kira ni ta bidiyo in ce mata ta sauke kafaɗa ta saki haƙora, har yau kuma ba ta daina ce min malamar kwanciya ba.