Saita na'urar sikana kafin karɓar kuɗin wuta

Masu karɓar kuɗin wutar lantarki a Birnin Kebbi da Argungu, ku duba yadda aka saita manhajar kashiya. Yawancin na'urorin sikana, wato masu karanta lambar da ke jikin takarda, suna aiki ne kamar allon rubutun kwamfuta, kuma idan an bar su suna danna Enter da kansu bayan karanta lamba, manhajar tana iya kammala biya tun kafin ku tabbatar da sunan mai asusun. Gara ku kashe wannan. Haka nan, ku saita gurbin lambar mitar kamfanin wuta na Kaduna Electric a matsayin rubutu maimakon adadi, domin in ba haka ba sifilin farkon lambar yakan ɓace, biyan kuma ya ƙi shiga. Da safe ku gwada na'urar sikana da tsohuwar takardar kuɗin wuta wadda rana ta koɗar.