Yadda na gyara ruwan kostik soda da muke maimaita wanki da shi

Alhamdulillahi, an samu kan matsalar. A masana'antar yogot ɗinmu muna mayar da ruwan kostik cikin tanki bayan wankin bututu, a sake amfani da shi. Sai ya fara kumfa, ya yi duhu, maiƙo kuma yana maƙalewa a farantan injin dafa madara.

Na ƙara soda, na ɗaga zafi. Duk a banza.

Ashe ɗaurayar farko, wadda ake yi da ruwa zalla kafin a tura kostik, ita ce ta yi gajarta, ragowar madara na bin kostik zuwa tanki, kitsenta ya haɗu da soda ya zama sabulu. Kumfar ke nan. Mitar da ke auna ƙarfin kostik ta yadda lantarki ke ratsa ruwan ma ba abin dogaro ba ce ita kaɗai, don sodar da iska ta raunana tana ƙirguwa a cikinta.

Na tsawaita ɗauraya da ruwa mai ɗumi, digiri 45, har sai ya fito garau. Ruwan zafi sosai yana ƙona furotin a jikin ƙarfe. Na saita bawul ya zubar da kostik ɗin minti biyu na farko, ya mayar da sauran. Tankin yana kwana a rufe, da safe a buɗe ƙasansa a fitar da lakar da ta kwanta, a yaɗe maiƙon sama. Sannan a auna ƙarfin kostik ɗin da gwajin ɗiga asid (a ɗiga asid a ɗan samfurinsa har ya kashe sodar), a cika soda zuwa kashi 1.5 cikin ɗari, a zagaya shi minti 30 a digiri 75. Safar hannu da tabarau dole ne wajen zuba sodar.

Farantai sun fito fes. Na gode wa ma'aikacin ɗakin gwajinmu.