Yadda Ake Gano Abin Da Ya Hana Rediyon Mota Kamawa

Da rediyon mota ya fara shuuu, sai mutum ya nufi kasuwa neman sabo, alhali sau da yawa laifin yana jikin eriya. Kafin ka kashe ko kwabo, bi wannan hanya.

Da farko tabbatar ba wurin da kake ba ne. Tashoshin FM, daga mita 87.5 zuwa 108, ba sa ratsa dutse, kusan miƙe suke tafiya. Shi ya sa in ka tashi daga Bauchi kana jin Globe FM rangaɗau, kana yin nisa wajen Alkaleri sai murya ta fara shigowa tana fita, har ka doshi Gombe ka koma tashoshin can. Wannan ba lalacewa ba ce. Gwajin gaskiya shi ne ka faka a fili cikin gari, ka kamo tasha mafi kusa. In nan ma tana shaƙewa, to akwai magana.

Sai ka zare cajar wayar da ke soke a mota. Caja mai araha da ƙwayayen fitila na LED marasa kyau suna zuba wa rediyo ƙara. Daga nan kashe inji ka saurara, ka tayar, ka taka totur. In ƙarar tana hawa tana sauka tare da inji, daga altaneta take ko wayoyin fulogi, aikin mai riwaya ne.

Yanzu eriya. Kwance ta ka duba gindinta. Ƙurar hunturu tana taruwa a wurin, ruwan damina ya jiƙa ta, tsatsa ta kama. Gindin nan kuwa dole ya taɓa ƙarfen jikin mota sosai, don jikin motar da kansa rabin eriya ne. Kankare tsatsar da samfefa har ƙarfe ya yi haske, shafa ɗan giris siriri, ka ɗaure tamau. Eriya mai zugewa kuma a zaro ta duka, a goge da tsumma mai ɗan danshi, kada a labta mata mai, ƙura zai kwaso. Tsawon da ya dace da FM kusan santimita 75 ne, don haka guntuwar da ake maye gurbinta da ita saboda ado ba za ta kama kamarta ba. A wurin wanki kuma ka ce wa yaron, "Ɗan samari, kwance eriyar nan kafin ka fara."

Wasu motocin eriyarsu siraran layuka ce a gilashin baya. Reza ɗaya wajen ɓare tinti ta isa ta tsinka su.

In matsalar ta faro ne ranar da aka sa maka rediyo mai allo, koma wurin mai riwaya ka ce ya duba shuɗiyar wayar da ke kai wa na'urar ƙara ƙarfin eriya wuta. An sha barinta tana lilo a bayan dashbod.

Sai ƴan tokumbo. Tsofaffin rediyoyin da aka yi wa kasuwar Japan a mita 90 suke tsayawa, ana sa musu ɗan akwatin faɗaɗa mita. Na Amurka kuwa tsallake suke yi, daga 98.3 sai 98.5, duk tashar da lambarta ta ƙare da 2, 4, 6 ko 8 ba za su zauna mata daidai ba. Wannan kam sai an gyara saitin yanki, in rediyon yana da shi, ko a canza shi.