Darasi na 9: Yadda Za Mu Ƙirga Namun Dajinmu

Jama'a, darasinmu na yau ba a aji zai tsaya ba, sai mun ɗauki littafi da biro mun fita bayan gari. Za mu koyi ƙidayar namun daji da tsuntsaye ne, wato mutanen gari da kansu su riƙa rubuta abin da ya rage a dajinsu, aikin sa-kai, ba don a biya su ba.

Wani zai ce to ina ruwan mai koyon karatu da ƙirga dabbobi? Ku ji labarin raƙuman dawa na Nijar. A da akwai su tun daga Senegal har Tafkin Cadi, har nan arewacin Najeriya, amma farauta da fari da saran itace suka ƙarar da su, a 1996 da aka ƙirga guda 49 kacal suka rage, dukkansu a yankin Kure, kamar kilomita 60 daga Yamai. Daga nan aka dage da tsaro da ƙidaya, kuma 'yan ƙauyukan wurin masu yi wa baƙi jagora suna cikin aikin, don su suka san inda dabbobin ke kiwo. Kowane raƙumin dawa zanen jikinsa daban ne, kamar zanen yatsan mutum, shi ya sa ake ɗaukar hoton gefen dama da na hagu don kada a ƙirga ɗaya sau biyu. Yau sun haura 600, har a 2018 aka kwashi guda 8 aka kai dajin Gadabeji a jihar Maradi.

Abin da ya fi muhimmanci a wurina shi ne ƙidayar ta nuna inda suke zama. Da damina suna kan tudu cikin geza da sabara, da rani sai su gangaro kwarin Dallol Bosso wajen gawo, tunda shi gawo da rani yake fitar da ganye. Kun ga ke nan an san itatuwan da in aka sare su dabbar ta tafi. Manoma kuma suna da nasu kukan, don raƙuman na cin wake da mangwaro, wannan ma gaskiya ce kuma ya kamata ta shiga littafi.

Mu a nan ba mu da raƙumin dawa, amma ku tambayi kanku yaushe rabon ku ga ungulu a mahauta. Dattawa sun san lokacin da ba a yanka a kasuwa ba tare da ungulaye sun cika wurin ba, yanzu akwai yaran da suka girma ba su taɓa ganinta ba. Tun 2015 masana suka sa ta cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa. Guba na kashe ta, masu neman kanta don tsibbu na kashe ta, ga kuma sare manyan itatuwa inda take sheƙa, kuma ƙwai ɗaya tak take sakawa, to in an sare itacen nan shikenan shekarar ta tafi a banza. Haka gada, haka zabin daji, haka gauraka.

Ga yadda ake aikin. Ku haɗu mutum uku ko huɗu, a samu wanda ya iya rubutu, a samu kuma maharbi ko makiyayi ko da bai taɓa riƙe biro ba, don shi ne zai kalli sawu ko kashi ya ce wannan na dila ne, wannan na gada. Mata masu zuwa itace da ɗiban ɗorawa su ma sun san dajin sosai, kar a bar su a baya. Ku zaɓi hanya ɗaya, misali daga bakin rafi zuwa tsohuwar kuka, ku riƙa bin ta ita kaɗai, rana ɗaya a kowane wata, bayan sallar asuba kafin rana ta yi zafi. Wannan maganar ta hanya ɗaya da lokaci ɗaya ita ce ginshiƙin aikin, in yau kun bi gabas gobe yamma ba yadda za a yi a gane ko abin raguwa yake ko ƙaruwa.

Ku tafi a hankali, ba hayaniya, ba kare, ba gwafa. A saman shafi a rubuta kwanan wata da lokacin fita, sannan duk abin da aka gani a sa sunansa da adadinsa da wurin da yake. Misali: "Ungulu 2, a kan rimi, bakin rafi." In sawu kawai kuka gani ku rubuta sawu, kar ku ce kun ga dabbar. In ba ku ga komai ba ku rubuta 0, dan Allah kar a ji kunya a ƙara lamba, sifili ma labari ne. Ku ƙirga sababbin kututture da ramukan gawayi da tarkuna. Mai waya ya ɗauki hoto daga nesa, amma hoton sheƙa kar a sa shi a Facebook ko WhatsApp da sunan wurin, don masu neman kan ungulu su ma suna da waya.

Sai maganar tsaro, kuma ba ta wasa ba ce. Akwai dazuzzukan da yanzu ba su shiguwa saboda 'yan bindiga, a Kure ɗin ma an kashe mutum 8 a watan Agusta na 2020. Kar kowa ya fita sai mai unguwa ya sani, in wurin ba lafiya ku ƙirga a gonaki da maƙabarta da bakin kasuwa, can ma akwai manyan itatuwa da tsuntsaye.

In littafin ya shekara ku kai wa dagaci da malamin daji na ƙaramar hukuma, a karanta a gaban jama'a. Ranar da mai gawayi ya zo neman izinin sara, akwai bambanci tsakanin a ce masa "muna jin akwai ungulu a wurin" da a buɗe shafi a nuna masa wata 12 a jere.

Aikin gida: ku je wurin dattijo ko dattijuwa a unguwarku, ku tambayi sunayen dabbobi 5 da suka sani a dajin garinku suna yara. Ku rubuta sunayen, a gaban kowane ku sa "akwai" ko "babu", ku zo da shi aji mako mai zuwa.