Yadda Ake Fitar da Taswira Daga Hoton Sama

Ɗaukar hoto daga sama ya zama sana'a ne bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, lokacin da aka kafa kamfanin Aerofilms a Ingila a 1919, sannan a 1921 Sherman Fairchild ya harhaɗa hotuna 100 ya fitar da taswirar Manhattan a Amurka. Yanzu jirgi marar matuƙi ne ke yin ƙananan ayyukan, amma ƙa'idar awon tana nan yadda take.

Kafin komai, a nemi izinin tashi, wanda a Najeriya hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama, NCAA, ke bayarwa. Daga nan sai a zagaya filin a kafa alamomi masu launin fari da baƙi a kusurwoyinsa da tsakiyarsa, a auna mazaunin kowace da na'urar GPS ta masu safiyo. Nan ne masu gaggawa suke tuntuɓe, domin hoton da ba a ɗaure shi da alamomin ƙasa ba yana iya yin kyau a ido alhali iyakar gona ta goce daga inda take.

Nisan jirgi daga ƙasa shi ke yanke ma'aunin hoto. A tsohon lissafi, kyamara mai tazarar milimita 152 tsakanin gilashinta da fim, a nisan mita 1,520 daga ƙasa, tana ba da ma'aunin 1:10,000, wato santimita 1 a hoto daidai take da mita 100 a ƙasa.

Jirgin zai riƙa bin layuka a jere, kamar mai huɗa, kuma dole kowane hoto ya hau kan na bayansa da aƙalla kashi 60 cikin 100, layi da layi kuma kashi 30. Dalili shi ne sai an ga wuri ɗaya daga ɓangarori biyu, kamar yadda idanu biyu suke gani, kafin a iya lissafa tudu da kwari. A kan fili mai kama ɗaya, irin gonar shinkafa ko yashi, gara a ƙara kason sosai.

A tashi da hantsi ko kusa da tsakar rana, lokacin da inuwa ta gajarta, kuma a guji ranakun hazo a lokacin hunturu.

Bayan sauka, manhaja za ta haɗe hotunan ta gyara karkatarsu. A ware wasu alamomin da ba a saka cikin lissafin ba, a gwada taswirar da su. Idan kuma takardar fili ake nufi, sai mai safiyo da ke da rajistar SURCON, hukumar masu safiyo ta Najeriya, ya sa mata hannu.